Minti 61 na gaggawa, shekara guda ta haƙuri: jinyar Ryan Mason bayan fashewar ƙoƙon kai

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da waɗanda dama sun fi son karatu a kan sauraro.

Yau maganar ƙwallo za mu yi, amma babu musun wa ya fi wa. Duk mai zuwa gidan kallo ya saba ganin 'yan wasa biyu sun tashi sama sun gwabza kai, ɗaya ya zube, a rugo da ruwa da bandeji, bayan minti biyu ya miƙe a yi masa tafi. Mukan ce ai namiji ne. To abin da nake so mu duba shi ne me ke faruwa a cikin kan nan bayan kyamara ta juya wani wajen. Na ɗauko labarin mutum ɗaya domin mu bi shi daki-daki, wato Ryan Mason, tsohon ɗan wasan tsakiya na Tottenham da Hull City, wanda ƙoƙon kansa ya fashe a fili yana ɗan shekara 25.

Tun yanzu bari in faɗa muku inda na dosa. Raunin ƙwaƙwalwa abu biyu yake nema: gaggawa a awar farko, sannan haƙuri a watannin da ke biye. Mu kuwa yawanci juya su muke yi. Lokacin da ya kamata a ruga asibiti sai mu tsaya yayyafa ruwa, lokacin da ya kamata a jira kuma sai mu matsa wa yaro ya dawo fili saboda akwai wasan ƙarshe ranar Asabar.

An haifi Mason ranar 13 ga Yuni 1991 a Enfield da ke arewacin Landan. Yana ɗan shekara 8 ya shiga makarantar horar da yara ta Tottenham. Ya buga wa babbar ƙungiyar wasansa na farko a 2008 yana da shekara 17, amma daga nan sai aka yi ta ba da shi aro: Yeovil, Doncaster, Millwall, Lorient ta Faransa, sai Swindon. Sai da Mauricio Pochettino ya karɓi Tottenham a 2014 kafin ya samu gurbi. Wasansa na farko a Firimiya da Arsenal ne, a watan Satumban 2014. Wata shida bayan nan, a Maris 2015, ya saka rigar Ingila a wasan sada zumunta da Italiya a birnin Turin, kuma shi ya ba Andros Townsend ƙwallon da ya farke aka tashi 1-1. A watan Agustan 2016 Hull City ta saye shi a kan kusan fam miliyan 13, kuɗi mafi yawa da ƙungiyar ta taɓa kashewa a kan ɗan wasa a lokacin. Kun ga ke nan mutum ne da ya daɗe yana jiran lokacinsa, kuma lokacin ya zo bai jima ba.

Ranar Lahadi 22 ga Janairu 2017 Hull ta je Stamford Bridge wasa da Chelsea. Ba a kai minti 15 da take wasa ba ƙwallo ta taso sama cikin yadi na 18 na Hull. Mason ya tashi zai fitar da ita, Gary Cahill ma ya tashi zai sa mata kai, sai goshin Cahill ya sauka a gefen kan Mason. Cahill ya miƙe ya ci gaba da wasa, har shi ya ci ƙwallo ta biyu Chelsea ta yi nasara 2-0. Mason kuwa an shafe kusan minti tara ana duba shi a cikin fili, aka sa masa iskar oksijin, aka fitar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya.

Bari mu tsaya nan mu leƙa cikin kai, domin in ba mu gane yadda yake ba, sauran labarin ba zai zauna mana ba.

Ƙwaƙwalwar babban mutum nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma tana da taushi sosai, kamar awarar da ba a soya ba. Tana zaune ne cikin wani ruwa a cikin ƙoƙon kai. Ka ɗauki awara ka sa a kwano mai ruwa, ka rufe, sai ka buga kwanon da bango. Kwanon zai iya fita lafiya lau, amma awarar ta bugi wannan gefe ta dawo ta bugi wancan. Haka ƙwaƙwalwa take yi idan kai yana tafiya da gudu ya tsaya kwatsam. Mafi sauƙin abin da ke biyo baya shi ne girgizar ƙwaƙwalwa, inda aikinta ke rikicewa na ɗan lokaci ko da hoto bai nuna komai ba. Sama da wannan akwai ƙujewar naman ƙwaƙwalwar, akwai tsinkewar siraran zaruruwan da ke kai saƙo daga wani sashe zuwa wani, akwai fashewar ƙashi, sannan akwai zubar jini a ciki.

Zubar jinin nan ita ce mai saurin kisa, kuma dalilin mai sauƙi ne. Idan ƙafarka ta kumbura, fata tana da wurin buɗewa. Ƙoƙon kan babba kuwa rufaffen akwati ne, ba ya ƙara faɗi. Duk jinin da ya taru a ciki sai ya danne ƙwaƙwalwa, in ya yi yawa ya tura ta ƙasa ta danne sashen da ke kula da numfashi da bugun zuciya. Wurin da Mason ya samu bugun, wato gefen kai tsakanin ido da kunne, yana cikin wuraren da ƙashin ya fi sirantaka, kuma akwai jijiyar jini da ta bi ta ƙarƙashinsa.

Ga wani abu da nake so kowa ya riƙe. A irin wannan zubar jinin, mutum zai iya faɗuwa, ya farfaɗo, ya yi magana daidai, har ya yi dariya ya ce babu komai, alhali jinin yana taruwa a hankali. Bayan awa ɗaya ko 'yan awanni sai ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, barci ya danne shi, daga nan ya kasa tashi. Don haka miƙewar mutum bayan an buge shi a kai ba shaidar lafiya ba ce.

Likitoci suna da ma'aunin da suke fara auna tsananin raunin da shi. Wasu likitoci biyu, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da shi a birnin Glasgow a 1974. Abu uku ake dubawa: yana buɗe ido, yana magana, yana motsa jiki in an umarce shi. Makin yana farawa daga 3 zuwa 15. Daga 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Bayan wannan sai hoton CT, wanda cikin 'yan mintuna yake nuna ko ƙashi ya fashe ko jini ya taru.

To mu koma kan Mason. A hirarrakin da ya yi daga baya, ya sha faɗin cewa likitan Hull, Dakta Mark Waller, shi ne sanadin tsirarsa. Likitan ya lura gefen fuskarsa ya saki, ya gane ƙashi ya fashe kuma ƙwaƙwalwa na cikin haɗari. Sai ya dage cewa kada a tsaya a asibiti mafi kusa, a wuce kai tsaye asibitin St Mary's da ke Paddington, inda ake da cibiyar manyan raunuka da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa. A cewar Mason, minti 61 ne tsakanin bugun da shigarsa tiyata. Aka gyara ƙashin da ƙananan fale-falen ƙarfe 14 da ƙusoshi 28, aka rufe fatar kan da ƙarafunan ɗinki 45. Kwana takwas ya yi, aka sallame shi ranar 30 ga Janairu.

Ku lura da shawarar likitan nan. Da an tsaya a asibitin da ba a tiyatar ƙwaƙwalwa, da sai an duba shi, an yi hoto, an kira wani asibitin, an sake ɗora shi a mota. Kowane mataki minti ne ke tafiya, jini kuma ba ya jira. Wannan shi ne ɓangaren gaggawa, kuma a awa ɗaya ya ƙare.

Ɓangaren haƙuri shi ne mai tsawo. Jaridu sun rubuta cewa an sallame shi, mu 'yan kallo muka ce alhamdulillahi muka koma kan teburin gasa. Shi kuwa a lokacin ne aikin ya fara. Ya ba da labarin cewa a makonnin farko kusan duk yini barci yake yi. Ƙara kaɗan ma damunsa take yi, ko hirar mutane a ɗaki. Da cokali ake ba shi abinci a kwanakin farko, kuma sai da ya kai kusan mako goma kafin ya iya buɗe bakinsa sosai. Tafiya a miƙe ma ta gagare shi na tsawon lokaci, saboda da ya motsa kai sai jiri ya ɗebe shi. Wannan fa mutum ne da makonni kaɗan kafin nan yake gudun minti 90 a Firimiya.

Kowanne daga cikin waɗannan yana da dalili, bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Barcin da farko. Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa. Bayan rauni, ƙwayoyinta suna buƙatar ƙarin kuzari domin su gyara kansu, a daidai lokacin da isar jini da sarrafa kuzarin suka rikice. Kamar waya ce mai tsohon batir, abu kaɗan za ka yi da ita ta mutu. Shi ya sa mai irin wannan jinya zai yi hirar minti goma ya ji kamar ya yi noma.

Sai ƙara da haske. Lafiyayyar ƙwaƙwalwa tana tace abin da ke shigowa. Kana zaune a majalisa, janareto na ruri, babura na wucewa, amma muryar abokinka kawai kake bi. Idan ta ji rauni wannan tacewar tana raguwa, komai ya shigo lokaci guda da ƙarfi ɗaya. Masu zuwa dubiya su cika ɗaki da kyakkyawar niyya, shi kuwa mara lafiyar azaba yake sha.

Maganar baki kuma, ku gwada wani abu yanzu. Ɗora yatsa a gefen kanka, sama da kunne ta gaba kaɗan, sai ka cije haƙora. Ka ji wani abu ya motsa? Tsokar da ke rufe muƙamuƙi ce, tun daga can sama ta faro. Likitan da zai kai ga ƙashin wurin sai ya yanka ta ko ya ɗaga ta, kuma kafin ta warke ta saki, buɗe baki da tauna suna zama aiki.

Jirin kuma, tsayuwar mutum daidai tana dogara ne da saƙonni uku: na cikin kunne, na ido, da na gaɓoɓi da tafin ƙafa. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa su ta fitar da amsa ɗaya. In haɗawar ta samu matsala sai saƙonnin su riƙa saɓa wa juna, mutum ya ji ƙasa na juyawa. Ana gyara wannan da atisaye na musamman, a hankali, ana maimaitawa kullum.

Wannan maimaitawar ita ce asirin warkewar. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu yawanci ba sa dawowa, amma waɗanda suka rage suna iya buɗe sababbin hanyoyi a tsakaninsu. Kamar gada ce ta karye, direbobi suka fara ratsawa ta daji. Ranar farko da ƙyar ake wucewa, amma yau da gobe sai wurin ya zama hanya. An fi ganin saurin ci gaba a watanni shida na farko, daga nan ya ragu, amma yana iya ci gaba har shekaru. Babu allurar da ke gajarta wannan, kuma ƙarfin hali ba ya gajarta shi. A nan ne 'yan wasa suka fi shan wahala, domin tun suna yara an koya musu cewa in jiki ya yi ciwo a cije a ƙara ƙaimi. A raunin ƙwaƙwalwa, wanda ya matsa fiye da kima baya yake komawa.

Akwai kuma ɓangaren da ido ba ya gani, wanda ya shafi masu irin wannan rauni da yawa. Mantuwa, kasa tattara hankali, saurin fushi, kuka ba dalili, rashin barci ko yawansa, da baƙin ciki mai nauyi. Ɗinki ya warke, gashi ya rufe tabo, kowa na cewa ai ka warke, shi kuwa ya san ba daidai yake ba. A wajenmu irin wannan ne za ka ji an ce yaro ya canza hali, ko ya fara shaye-shaye, ko an yi masa asiri, an manta cewa wata uku da suka wuce ya faɗo daga babur ko an buge shi a fili. Duk wanda halinsa ya sauya bayan bugun kai, a fara mayar da shi wurin likita a faɗi tarihin bugun.

Cikin waɗanda suka taimaki Mason akwai Petr Cech. A lokacin Cech golan Arsenal ne, manyan abokan hamayyar Tottenham, amma ya je ya same shi ya zauna da shi, domin shi ma ya bi ta wannan hanyar. Ranar 14 ga Oktoba 2006, yana tsaron ragar Chelsea a gidan Reading, gwiwar Stephen Hunt ta same shi a kai, ƙashin ya lotsa ciki, aka yi masa tiyata. Yana da shekara 24 a lokacin. Mason ya ce Cech ya bayyana masa abubuwan da zai ji a jikinsa da yadda za su zo, kuma hakan ya kwantar masa da hankali. Mai jinya yana buƙatar likita, yana kuma buƙatar wanda zai ce masa abin nan da kake ji na san shi, ba hauka kake yi ba.

Cech ya dawo fili ranar 20 ga Janairu 2007, wata uku da 'yan kwanaki bayan rauninsa, da hular nan da muka san shi da ita, har ya ɗauki kofin Zakarun Turai a 2012. Raul Jimenez na Wolves, ɗan ƙasar Meziko, shi ma ƙoƙon kansa ya fashe ranar 29 ga Nuwamba 2020 da suka yi karo da David Luiz na Arsenal. Sai a watan Agustan 2021 ya sake buga Firimiya, ya ci ƙwallonsa ta farko bayan dawowa a ragar Southampton a watan Satumba. Mutum uku, sunan raunin ɗaya, amma ɗaya wata uku, ɗaya sama da wata takwas, ɗaya kuma bai dawo ba sam. Wurin da ƙashin ya fashe, girman fashewar, yawan jinin da ya zuba, da abin da ya taɓu a cikin ƙwaƙwalwar, duk sun bambanta. Saboda haka kada wani ya ce maka wane ma ya dawo bayan sati biyu, kai me kake jira.

Shi Mason ya so ya dawo, kuma ya yi aiki a kai. Bayan wasu watanni ya koma filin atisayen Hull, wadda ta faɗi daga Firimiya a ƙarshen wannan kakar. Ya dawo da gudunsa, ya dawo da ƙarfinsa, yana taɓa ƙwallo. Duk wanda ya gan shi daga nesa zai ce ya shirya. A ƙarshen 2017 aka haifa masa ɗansa na fari. Sai a farkon 2018, bayan sabon hoto da kuma jin ra'ayin ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa da dama, aka gaya masa cewa haɗarin komawa ya yi yawa. Ɗan wasan tsakiya ba shi da yadda zai kauce wa sa kai da karo, kuma wani bugun a wannan wurin zai iya jawo abin da ba ya gyaruwa. Ranar 13 ga Fabrairu 2018 ya sanar da cewa ya rataye takalmansa. Shekararsa 26.

Ni a ganina wannan ranar tana cikin jinyar, kuma wataƙila ita ce mafi wuya. Ƙafafunsa lafiya, huhunsa lafiya, shekarunsa na ganiyar wasa ne, kuma abin da ya sani ke nan tun yana ɗan shekara 8. Da ya yi taurin kai, da ba a rasa masu yi masa tafi ba. Ya zaɓi ya saurari waɗanda suka ga hoton.

Bayan wata biyu, a Afrilun 2018, ya koma Tottenham yana horar da matasa. Da aka sallami Jose Mourinho a Afrilun 2021, shi aka ba riƙon ƙwarya. Yana da shekara 29, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa jagorantar ƙungiya a wasan Firimiya, ya kuma ci wasansa na farko 2-1 a kan Southampton. Kwana huɗu bayan nan ya jagoranci ƙungiyar a wasan ƙarshe na kofin Carabao a Wembley, inda Manchester City ta yi nasara 1-0. Ya sake riƙon ƙwarya a 2023, yana cikin mataimakan Ange Postecoglou lokacin da Tottenham ta ɗauki kofin Europa a Mayun 2025, sannan a watan Yunin 2025 West Brom ta ɗauke shi babban koci. Ƙwaƙwalwar da aka tsare a 2018 ita ce ya yi duk wannan aikin da ita.

Ita ma ƙwallon ta ɗan canza. A daren da Jimenez ya ji rauni, an naɗe wa David Luiz kai ya ci gaba da wasa har hutun rabin lokaci, jini na ɓullowa ta bandejin, kuma Mason na cikin waɗanda suka fito suka soki hakan. A Fabrairun 2021 Firimiya ta fara gwajin ba da ƙarin canji na musamman idan ana zargin ɗan wasa ya samu girgizar ƙwaƙwalwa, domin kada koci ya bar shi a fili saboda tsoron asarar canji. Daga Yulin 2024 aka shigar da wannan cikin dokokin ƙwallo, kowace gasa na iya amfani da shi. Kafin nan, a 2019, wani bincike na Jami'ar Glasgow a kan tsofaffin ƙwararrun 'yan wasan Sikotland sama da 7,600 ya gano cewa mutuwa ta dalilin cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ta ninka kusan sau uku da rabi a cikinsu idan aka kwatanta da sauran jama'a. A 2020 hukumar ƙwallon Ingila ta ba da umarnin daina koya wa yara 'yan firamare sa kai a atisaye.

To mu fa? Filayenmu na unguwa ƙasa ce mai tauri, wani wurin ma da duwatsu, babu likita a gefe, babu motar asibiti. Ga 'yan dambe, ga masu hawa babur ba hular kwano. Ba mu da Dakta Waller a benci, don haka aboki ko koci ko alƙalin wasa ne zai yanke shawarar.

Abu na farko, duk wanda aka buga a kai ya nuna alamar rikicewa, ko jiri, ko ya kasa faɗin inda ake da wa ake wasa, ya gama wasa a ranar. Ba sai ya suma ba, domin mafi yawan masu girgizar ƙwaƙwalwa a wasanni ba sa suma. Kada a tambaye shi ko zai iya, ai cewa zai yi zai iya. Bugu na biyu kafin na farko ya warke ya fi haɗari, musamman ga yara da matasa, kuma a wasu lokuta, ko da ba su da yawa, yana jawo kumburin ƙwaƙwalwa mai kisa.

Na biyu, akwai alamomin da in an ga ko ɗaya sai asibiti nan take: suma ko na daƙiƙa kaɗan ne, amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake tashinsa da ƙyar, jijjiga, rauni ko mutuwar hannu ko ƙafa, sakin gefen fuska, harɗewar magana, gani biyu-biyu, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, jini ko farin ruwa daga kunne ko hanci, da ciwon wuya mai tsanani. Wanda ya faɗi bai motsa ba, kada a girgiza shi, kada a ɗaga shi ta hannu da ƙafa kai na lilo, domin wuya ma zai iya karyewa tare. A riƙe kai da wuya a miƙe. Kada a ɗura masa ruwa a baki.

Na uku, ku san asibitin da za ku nufa tun kafin ranar ta zo. Tambayar ita ce ina ake hoton CT, ina kuma ake tiyatar ƙwaƙwalwa. Manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato suna da wannan sashen. Wanda ke nesa da su ya je asibiti mafi kusa a fara taimaka masa, amma ya faɗa musu ƙarara cewa bugun kai ne, ya tambayi batun tura shi gaba.

Na huɗu, ko da alamomin masu sauƙi ne, kada a bar shi shi kaɗai a awa 24 na farko, kada ya tuƙa babur ko mota. Kafin likita ya gan shi a guji asfirin da ibuprofen da diclofenac, domin suna iya ƙara zubar jini. A guji tramadol da maganin barci, domin suna ɓoye alamomin da ake sa wa ido. Farasitamol ya wadatar.

Na biyar shi ne haƙurin. Kwana ɗaya zuwa biyu na hutu, a rage kallon waya. Daga nan hidimar gida mai sauƙi da tattaki, sai sassarfa, sai atisayen da babu karo babu sa kai, sai cikakken atisaye, sannan wasa. Kowane mataki aƙalla kwana guda, in alamomi suka dawo a koma baya. Ɗalibi ya fara komawa aji lafiya kafin ya koma fili. Ƙa'idar da Birtaniya ta fitar a 2023 domin wasannin unguwa da makarantu ta ce kada a koma gasa kafin kwana 21. Wannan fa na girgiza ce kawai. In ƙashi ya fashe ko jini ya zuba, likitan da ya yi aikin ne kaɗai zai ce ga rana, kuma zai iya cewa babu ranar, kamar yadda aka gaya wa Mason.

Kada kuma hular Cech ta ruɗe mu. Irin wannan hular mai laushi tana kare fata da wurin da aka yi aiki, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki. Hular kwano ta babur ita daban ce, tana rage mutuwa da munanan raunuka sosai, a sa ta a kuma ɗaure igiyar.

Nan za mu dakata a yau. In kana da ƙungiya a unguwa, ka tura wa kocinku da kyaftin ɗinku wannan rubutun, ku zauna ku amince tun yanzu cewa wanda aka buga a kai ba ya komawa fili a ranar, ko wasan ƙarshe ne, ko shi ne gwaninku. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mu baki ɗaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.